A bar mana zaurenmu, likitoci kuma su shigo

Asubar hunturu ce take faɗa mini gaskiyar jikina. Ladan zai yi kiran farko in farka, amma sai in ci gaba da kwanciya ina lallashin yatsuna su miƙe. A dunƙule suke kwana, a kumbure, da raɗaɗi kamar an zuba barkono a cikin gaɓa. 'Yata ta san aikinta tun dare. Za ta cika filas da ruwan zafi, ta ajiye a gefen gado, ta bar murfin a sassauce, domin in ta ɗaure shi tam sai dai in tashe ta. In tsoma hannu a ruwan ɗumi in yi ta murzawa, wata rana rabin awa, wata rana awa guda cur, kafin in iya ɗaga buta. Shekara 9 ke nan ina wannan hali, tun ina da 32 a duniya.

Kafin gari ya gama wayewa wayata ta fara motsi. Zaurenmu ne na WhatsApp, na masu ciwon gaɓɓai, yawancinmu mata. Akwai wata dattijuwa da duk muke ce wa Anti, ita ce ke buɗe gari da saƙon murya: "Salamu alaikum 'yan uwa, an tashi lafiya? Ya sanyin nan? Ni dai jiya gwiwa ba ta bar ni na runtsa ba." Sai amsa ta fara zuwa, wannan daga Gusau, waccan daga Azare, wata daga Maraɗi. Babu mai cewa "ai kin yi kyau, kamar ba ki da ciwo." Kowa a wurin ya san yadda mutum zai yi ƙiba, ya yi kwalliya, ya je biki, alhali ko maɓallin rigarsa wani ne ya ɓalla masa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata magana da wani likita ya faɗa wa wata 'yar zaurenmu kwanan baya. Ta yi masa tambaya a kan maganinta, ya ce ina ta ji wannan, ta ce a zaure. Sai ya ce mata ta fita daga ciki tun kafin 'yan zauren su kashe ta. Ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba, na sha jin irinsa. Kuma ban raina damuwarsa ba, don na ga ɓarnar da yake tsoro da idona, zan zo kanta. Sai dai ina ganin shawarar tasa kuskure ce. Mai irin ciwonmu yana ganin likitan gaɓɓai sau uku ko huɗu a shekara, minti goma ko sha biyar kowane zuwa. Sauran kwanakin shekarar fa, wa zai tambaya? In an raba shi da 'yan uwansa masu ciwo, ba gida zai koma ya zauna shiru ba. Wajen mai lasifika a bakin kasuwa zai nufa.

Matsalarmu tun daga suna ta fara. Bahaushe ya ce sanyi, ya ce sanyin ƙashi, ya ce amosanin gaɓɓai, duk ya zuba su a buhu ɗaya. Alhali ciwon gwiwar kakata, wanda zaizayewar guringuntsi ce saboda shekaru da nauyin jiki da aikin wahala, daban yake da nawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu irin na kakata sun kai miliyan 528 a 2019. Nawa, wanda likitoci ke kira rumatoyid, masu shi miliyan 18 ne a shekarar, kuma kusan kashi 70 cikin 100 mata ne. A irin nawa, garkuwar jiki ce take rikicewa ta far wa rufin gaɓa, kamar maigadin da aka ɗauka ya tsare gida ya juya ya hau masu gidan da duka. Takan fara da ƙananan gaɓɓai na yatsu da wuyan hannu, dama da hagu a tare, da sandarewar safiya mai daɗewa. Ɗan uwansa lufus ya fi shi yawo a jiki: fata, gashi, gaɓɓai, jini, ƙoda, duk yana iya taɓawa, kuma cikin masu shi 10, kusan 9 mata ne, galibi a shekarun haihuwa.

To, je ki gidan surukai ki ce garkuwar jikinki ce ta samu matsala. Kafin ki rufe baki an kalli juna. Shekara da shekaru rediyo yana koya wa mutane "cuta mai karya garkuwar jiki," saboda haka kalmar ta zama ta ƙanjamau ita kaɗai a kunnen jama'a. In kuma kika ce ciwon sanyi ne, sai matan gidan su ɗauka sanyin mata kike nufi, a fara kawo miki saiwoyi na tsarki. Mai lufus da fuskarta ta yi tabo a kan kumatu da karan hanci, cewa ake yi man bilicin ne ya ƙona ta. Wadda ta yi ta ɓari, abin da lufus kan iya jawowa, an gama yanke hukunci cewa aljani ne ya aure ta ko kishiya ce ta yi jifa. Mutum yana fama da ciwo, yana kuma fama da rashin kalmar da zai faɗi ciwon ba tare da ya jawo wa kansa wani zargi ba.

Su kansu asibitocin namu sun daɗe da ɗaukar waɗannan cututtuka a matsayin na Turawa. A 1968 wani likita ɗan Ingila, Brian Greenwood, wanda ya yi aiki a asibitin koyarwa na Ibadan kafin ya koma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya shafe kusan shekara 10, ya wallafa cewa cututtukan rikicewar garkuwar jiki ba su cika bayyana a tsakanin 'yan Nijeriya da aka kwantar a Ibadan ba, har ya yi hasashen cewa zazzaɓin cizon sauro da sauran ƙwayoyin cuta na iya zama dalili. Abin da ya gani a takardun asibiti ya faɗa, a zamaninsa. Amma daga baya, da aka samu masu wannan fanni irin su Farfesa Olufemi Adelowo a Legas suka buɗe ɗakin duba masu ciwon gaɓɓai, sai ga marasa lafiya suna ta fitowa. Ashe muna nan, mai nemanmu ne babu. Har yau ƙwararrun wannan fanni kaɗan ne ƙwarai a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, kuma a Arewa sai a manyan asibitocin koyarwa irin na Kano da Zariya da Maiduguri ake samun su.

Ni shekara 3 na yi ana yi mini maganin taifot da maleriya. Duk sanda jiki ya yi zafi, gaɓɓai suka kumbura, sai a ɗibi jini a ce taifot ce ta dawo. Na sha allurai har na daina ƙirgawa. A kemis ɗin unguwa kuma ana ƙulla mini haɗi a leda, ƙwaya huɗu ko biyar masu launi daban-daban, in sha in ji garau na kwana biyu. Wanzami ya yi mini ƙaho a gwiwa da kafaɗa. An yi mini ruƙiyya. A makarantar da nake koyarwa na kai matsayin da alli ke suɓucewa daga hannuna a gaban yara, sai in kira wani ɗalibi ya yi rubutun allo ina faɗa masa. A gida, kalmar da ta fi ciwon zafi ita ce "son jiki." Da na isa hannun likitan gaɓɓai, ya kama hannuna ya jujjuya, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Malama, da kin zo da wuri." Yatsu biyu na hannun dama sun riga sun karkace, kuma abin da ya karkace ba ya komawa. A wurinsa na fara jin cewa watannin farko na wannan ciwo su ne zinariya: in aka fara maganin da ke danne shi a lokacin, ana iya tsare gaɓɓai daga lalacewa.

Wannan shi ne ma'aunina na kowane zauren marasa lafiya. Shin yana rage wa sabon shiga waɗannan shekaru 3 da na ɓata? Namu yana ragewa, na shaida. Yarinya za ta shigo ta ce hannuwanta biyu suna kumbura da safe wata huɗu ke nan, ana ta ba ta maganin taifot. Kafin azahar an faɗa mata wane irin likita za ta nema, cewa sai ta karɓi takardar turawa daga ƙaramin asibiti, ranar da ake zaman asibitin gaɓɓai, ƙarfe nawa ya kamata ta isa in tana son lamba, da kuma ta tattaro duk tsofaffin sakamakon gwaji da kwalayen magungunan da ta sha ta zo da su a jaka. An gaya mata za a iya sa ta gwaje-gwajen jini masu tsada, ta fara tanadi. Wannan ilimi babu shi a littafin likita, a ƙafar waɗanda suka yi ta zaryar yake.

Akwai kuma ilimin zaman yau da kullum, wanda likita ba shi da lokacinsa, wani ma bai san ana buƙatarsa ba. Yadda za ki yi da masan tsuguno in gwiwa ta ƙi lanƙwasawa: kujerar roba a huda tsakiyarta, ko a sa kafinta ya ƙera ta katako. Kujera a banɗaki don wanka. A naɗa tsumma a jikin muciya da cokali don su yi kauri, hannu ya iya riƙewa. A ce wa tela ya daina sa ƙananan maɓallai da zif a baya. Mai lufus ta guji ranar tsaka, ta riƙe lema, ta bar shanya sai da yamma, don rana tana tayar mata da ciwon. Sai maganar salla, wadda ta fi ci wa mutane rai fiye da yadda ake zato. Na san wadda ta yi shekara tana sujada da hawaye saboda tana jin kunyar a gan ta a kan kujera tana 'yar shekara 25. A zaure aka karanto mata hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce masa ya yi salla a tsaye, in ba zai iya ba a zaune, in ba zai iya ba a kan gefensa. Ta san hadisin tun a Islamiyya. Abin da ba ta taɓa gani ba shi ne sa'o'inta da suke aiki da shi ba tare da jin sun yi laifi ba.

Na taɓa shiga zaurukan Turawa na Facebook, kuma na ƙaru. A can na ji labarin wata Ba'amurkiya mai lufus, Christine Miserandino, wadda a 2003 ta rubuta yadda ta kwatanta wa ƙawarta ƙarfin mai ciwo da cokula ƙidayayyu, kowane aiki ya ci ɗaya, in sun ƙare sun ƙare. Masu ciwo a can har suna kiran kansu da sunan cokalin. Amma duniyarsu daban ce. Suna muhawara a kan wace allurar zamani ce ta fi, inshora na kawo musu ita har ƙofar gida a cikin ƙanƙara, mu kuwa muna lissafin kuɗin mota zuwa asibiti. Da na kawo zancen cokali a zaurenmu, Anti ta ce ita da kuɗin cefane take kwatanta nata: in ta kashe ƙarfinta a wanki, to ranar babu na girki, in kuma ta ci bashi ta je biki, gobe da jibi za ta biya. Tun ranar kalmar ta zauna. Wata za ta ce "yau cefanena kaɗan ne," kowa ya gane. Na ji mata da dama sun ce da wannan misali ne mazajensu suka fara fahimtarsu.

Bari in faɗi abin da ya faru wani dare, wanda shi ne ya sa ba zan taɓa yarda a ce a rufe irin wannan zaure ba. Wajen ƙarfe 11, wata sabuwar shiga ta turo hoton maganinta tana tambaya ko wasu ma bakinsu yana yin gyambo in sun sha. Metotirekset ne, maganin da yawancinmu muke kansa, wanda tun asali don ciwon daji aka yi shi kafin a gano cewa ɗan kaɗan daga cikinsa yana kwantar da rumatoyid. Sau ɗaya ake shan sa a mako, rana guda tak, tare da folik asid a wata ranar. A jikin ledar tata, yaron kemis ya ja layuka irin yadda suke yi wa kowane magani, alamar a sha kullum. Kwana 5 ke nan tana sha. Anti ba ta yi barci ba saboda gwiwa, ita ta fara gani. Ba ta tsaya rubutu ba, kiran yarinyar ta yi kai tsaye: "'Yata, kar ki ƙara sha ko ɗaya. Tashi maigidanki yanzu ku tafi asibiti, ki riƙe ledar a hannunki ki nuna musu." Shan wannan magani kullum yana durƙusar da ɓargo, jini ya ƙone, kuma ya kashe mutane a ƙasashen da suka fi mu tsari. An kwantar da ita, ta tashi. Yau ita ce take fara gaya wa duk wanda ya shigo cewa ya zaɓi rana ɗaya ya rubuta ta da babban baƙi a jikin kwalin.

Haka a 2020. A watan Maris na shekarar Shugaba Donald Trump na Amurka ya yi ta yabon haidiroksi-kulorokwin a matsayin maganin korona, duniya ta yi caa a kansa, har aka kwantar da mutane a Legas saboda sun ɗirka wa kansu kulorokwin fiye da kima. Daga baya bincike ya nuna ba ya maganin korona. Amma masu lufus, waɗanda wannan magani ne ginshiƙin rayuwarsu, sun wayi gari babu shi a kanti, inda aka samu kuma kuɗin ya ninka. A zaure ake cigiya: an gan shi a wuri kaza, saura kwali kaza. Bayan an saki darajar naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, sai magungunanmu, da kusan duk daga waje ake shigo da su, suka bi ta. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta ce kowa ya shiga tsarin, amma mafi yawanmu har yau daga aljihu muke biya. Na san waɗanda suka fara tsallake mako don magani ya kai ƙarshen wata, kuma a zaure kaɗai suke iya faɗa.

Yanzu ga ɓangaren da likitan nan yake da gaskiya. Duk inda masu ciwon da ba ya warkewa suka taru, 'yan kasuwa suna jin ƙanshinsu. Za su shigo da sallama da addu'a, su yi mako biyu suna jajantawa, sannan wata rana sai ga saƙo: "Alhamdu lillahi, na rabu da sanyin ƙashi cikin kwana 7, ga lambar mai maganin." Da bidiyon TikTok na tsohuwa ta yar da sanda tana taka rawa. Abin da ya sa nake tsoron irin wannan warkewar gaggawa tarihi ne. A 1948, a asibitin Mayo da ke Amurka, Dokta Philip Hench ya ba wata mata mai rumatoyid da ta kasa tashi daga gado sinadarin kotizon, cikin 'yan kwanaki ta miƙe tana tafiya. Duniya ta ɗauka an gama da ciwon, har aka ba shi kyautar Nobel a 1950 tare da wasu masana biyu. Ba a jima ba illolin suka bayyana. Jikokin wannan sinadari su ne firednisolon da dekzametason, wanda 'yan mata ke sha don ƙiba. Suna kashe kumburi nan take, amma in aka daɗe ana sha barkatai sai fuska ta kumbura, sukari da hawan jini su shigo, ƙashi ya yi rauni, kuma wanda ya saba da su in ya yanke rana ɗaya jikinsa na iya durƙushewa, domin ya daina haɗa nasa. An sha kama magungunan da ake tallatawa a matsayin na itatuwa zalla alhali an daka irin waɗannan ƙwayoyi a ciki. Haɗin kemis da na sha shekara 3, daga baya na gane abin da ke cikinsa ke nan, tare da dikilofenak mai cin tumbi da ƙoda.

Mun rasa wata a zaurenmu ta wannan hanya, Allah Ya jiƙanta. Lufus gare ta, ya fara taɓa ƙoda, likita ya ɗora ta a kan magani tana samun sauƙi. Wani ya bi ta ta bayan fage ya ce maganin asibiti ne ke hana ta warkewa, in ta yi tawakkali ta ajiye shi ta sha nasa wata 3 za ta ga ikon Allah. Ta yi shiru a zaure, mun ɗauka sauƙi ne. Da ƙanwarta ta turo mana saƙo, ƙafafu sun kumbura, ana maganar wankin ƙoda. A cikin zaurenmu mutumin ya samu lambarta, wannan kuwa laifinmu ne, ba zan ɓoye ba. Ni ina shan zamzam, ina amfani da habbatus sauda da zuma, ina tofa addu'a a hannuna kowane dare, kuma ban ga inda waɗannan suka yi faɗa da ƙwayar likita ba. Wanda ya ce wa mara lafiya ajiye magani shi ne cikar imani, ya ci amanar addini da ta mara lafiyar.

Akwai wasu illolin da ba su kai wannan ba amma suna nan. Wata ta ji ana ba 'yar uwarta ƙwaya shida ita ana ba ta huɗu, sai ta ƙara da kanta. Wata ta ba wata ragowar maganinta don tausayi, ba ta san waccan tana da juna biyu ba, alhali metotirekset yana zubar da ciki ko ya nakasa jariri. Sanarwar rasuwa in ta yi yawa tana karya zuciyar sababbi, su ɗauka layi ne suke bi. Ga tonon asiri: lambar kowa a buɗe take, kuma an taɓa ɗaukar hoton maganar wata budurwa aka kai wa dangin saurayinta, auren ya watse. Bayan rasuwar nan muka zauna muka gyara gida. Ba a shiga sai an ga takardar asibiti ko wani ɗan zaure ya tsaya wa mutum. Talla kowace iri ce, kora ce. Ba a faɗa wa kowa ya ƙara magani ko ya rage, iyakar abin da za ki ce shi ne abin da ya same ki da tambayar da ya kamata a yi wa likita. Wanda ya yi shiru mako biyu, a kira shi.

Amma mu marasa lafiya ne, iliminmu yana da bango. Tambayoyi suna zuwa da suka fi ƙarfinmu. Mai lufus tana son haihuwa, wane magani za ta ci gaba da shi, wane za ta bari, tun yaushe? Azumi ya zo, yaya za a yi da ƙwayar safe? Me ya sa ake cewa mai shan haidiroksi-kulorokwin ya riƙa zuwa gwajin ido? Kumfa a fitsari alamar me ce? A nan ne nake kira ga likitocin gaɓɓai, da masana haɗa magunguna, da likitocin gashin ƙashi da motsa jiki, su shigo. Na san uzurinsu, kuma uzuri ne na gaskiya: su kaɗan ne, layi ya yi musu yawa, abokan aikinsu suna ta ficewa ƙasashen waje, kuma babu likitan kirki da zai rubuta magani ga wanda bai duba ba. Ba mu ce a duba mu ta waya ba. Awa ɗaya a wata muke roƙo, mu tara tambayoyinmu, likita ya amsa su a dunƙule da saƙon murya, da Hausa. Bayanin minti 5 a kan dalilin shan metotirekset sau ɗaya a mako zai isa kunnen mutanen da likitan zai yi wata guda bai gama ganinsu ɗaya bayan ɗaya ba, kuma za a yi ta tura shi shekara da shekaru. Mai tallan gargajiya ya daɗe da gane ƙarfin saƙon murya. Shi kullum yana cikin wayoyinmu da Hausa mai daɗi, masu ilimin kuwa takardar Turanci suke miƙo mana.

Maganar murya da Hausa ba ƙaramar magana ba ce. Da yawa cikin 'yan zaurenmu ba sa karanta boko, wasu kuma suna karantawa amma yatsun ba sa iya danna waya. 'Yar uwarmu ta Maraɗi takardunta da Faransanci suke, namu da Turanci, a Hausa kaɗai muke haɗuwa. Akwai tsohuwar da wayar ma ta jikanta ce, sai ya dawo daga makaranta yake kunna mata saƙonnin yini ta saurara a tsakar gida, matan maƙwabta su ma su ji. Ranar 12 ga Oktoba ranar masu ciwon gaɓɓai ce ta duniya, 10 ga Mayu kuma ta lufus. Da gidajen rediyonmu za su ba waɗannan ranaku ko rabin lokacin da suke sayar wa masu tallan maganin sanyi, da yarinyar ƙauye mai kumburin yatsu ta ji sunan ciwonta tun yana ɗanye.

Maza kuma, ina kuke? Kuna cikin zauren, muna ganin lambobinku, amma ba kwa magana. Akwai nau'in da ya fi kama samari, ya riƙe ƙugu da gadon baya, ya fi tsanani da asuba, ya sassauta in an motsa, har in an bar shi baya ya sandare. Wani direba ya yi wata 8 a cikinmu bai ce uffan ba, sai ranar da ya kira Anti a keɓe ya ce ba ya iya juya wuya ya duba bayan mota, kuma yana tsoron in maigidansa ya sani zai karɓe makulli. Ɗan uwa, ka yi magana, ko da a keɓe ne.

Makon jiya wata yarinya ta shigo, ƙawar ƙanwar wata ce, daga wani ƙauye a ƙasar Katsina. Muryarta tana rawa. Ta ce haihuwarta ta fari wata 5 ke nan, tun bayan arba'in hannuwanta suka fara, yanzu ba ta iya ɗaga jaririn daga shimfiɗa sai ta sa damatsa, uwar mijinta ta ce jego ne bai karɓe ta ba, a ƙara mata ruwan zafi. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Don Allah ku gaya mini, ni kaɗai ce?" Saƙonni suka yi ta shigowa har na kasa bin su. An faɗa mata wannan ciwo yakan taso bayan haihuwa, an faɗa mata ta gaya wa likita tana shayarwa kafin ya rubuta komai, an hana ta haɗin kemis. Mijinta ya karɓi wayar ya yi tambayoyinsa, wani daga cikin mazan da ba sa magana ya amsa masa. Sun karɓi takardar turawa ranar Alhamis. Talata mai zuwa za su shigo motar asuba, kuma ni ce zan jira su a bakin ƙofar asibiti in nuna musu inda ake yankar kati.